Ƙullin da ke Wuyan Zarang

Zuwa ga Kawu Burhon, a Dushanbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Ya ƙafar, ta yarda ta fara taka ƙasa ko har yanzu tana fushi da kai? Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Icen zarang ɗin yayana Hotam ne ba lafiya. Ka tuna shi, wanda ya tono daga gangaren dutse ya dasa a ƙofar ɗakin Inna dab da za a tafi da su soja, kana ta yi masa tsiya wai ya kawo icen daji cikin gida, icen da ko 'ya'yan ci ba ya yi. To bana da ƙanƙara ta narke, rassansa na ƙasa suka fitar da ganye faffaɗa kamar tafin hannu, amma samansa shiru. Muka ce jinkiri ne. Yanzu har an yi yankan ciyawa, saman nan yana nan a bushe ƙayau.

Ka san matsayin icen nan a wurin ƙanwarka. Tun ranar da Ismat, wanda suke runduna ɗaya da Hotam, ya zo cikin hunturu ya faɗa mana cewa a kan idonsa yayana ya faɗi a mashigin kogi ruwa ya tafi da shi, Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yarda an yi sadaka ba. Shayi ta zuba wa baƙon ta ce, "Yaro, faɗuwa ka gani, ba ka ga kabari ba. Ga icensa can a tsaye." Ni na yi kukana a bayan turken shanu na gama. Ita kuwa da icen nan take rufe bakin kowa, ga shi kuma ya fara mutuwa daga ka. Ta ɗauko shimfiɗarta ta dawo gindinsa. Gurasa sai ta gutsura sau ɗaya ta ajiye.

Shekaranjiya maƙwabcinmu Shodmon ya leƙo da gatari a kafaɗa, ya ce, "Iya, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. A sare masa kai kamar yadda muke yi wa icen tut in za a ciyar da tsutsar siliki, baɗi ki ga ya yi gashi kamar ango."

Inna ta ce, "Matso in fara da naka, mu ga ko zai tsiro."

Ta zaro ƙarfen tanderu, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Na yi dariya, Kawu, rabona da ita har na manta, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kai ka ƙare rayuwarka a gandun rainon itatuwa. Ga tsinken busasshen reshe na sa a ambulan. Don Allah ka duba ka faɗa mini ciwon da maganinsa. Ina tsoron in icen nan ya tafi zai tafi da ita.

'Yarka,
Sabohat

Zuwa ga 'yata Sabohat.

Wa alaikumus salam. Jiki da godiya. Ƙafa tana nan kan bakanta, hannun dama ma ya bi sahunta, shi ya sa za ki ga rubutun kamar tonon kaji. Na hagu ne, almajiri ne sabon shiga.

Tsinkenki ya iso gari, wato gari irin na tuwo. Kuma ko da ya iso lafiya, malamar makaranta, ina kika taɓa jin an aika wa likita farcen majiyyaci a ce ya faɗi ciwo? Matacce ba ya ba da labari. Inda mutuwa ta yi iyaka da rai, nan ake duba.

Ga aikinki. Ki hau tsani, ki fara daga can ƙoli, ki riƙa kankare ɓawon da farce kaɗan kaɗan kina saukowa. Inda ya mutu za ki ga ƙasa-ƙasa, a bushe. Ki ci gaba har ki ga kore mai danshi. Nan ki tsaya, ki buɗe ido, ki faɗa mini duk abin da ke wurin, ko da kin ga ba shi da amfani. Hudar tsutsa ce, ko tsagewar sanyi, ko haƙorin akuya, kowanne da kamanninsa.

Shodmon kuwa, ki ce na ce ya riƙe gatarinsa. Mutanenmu sun ɗauka duk ice tut ne, a yi masa aski ya gode. Zarang kai ɗaya gare shi. In aka sare shi sakaka, rassa biyar za su taso suna rigimar sarauta, iska ta zo ta tsaga shi gida biyu. Kuma ba a taɓa shi da ƙarfe lokacin narkewar ƙanƙara, don ciwon sai ya yi ta zubar da ruwa kwana da kwanaki kamar mai hawaye, abin da uwarki ba za ta iya kallo ba. Yanzu cikin zafi da ganye ya ƙosa, yanzu ne lokacinsa. In ganye ya fara ja, an makara.

Ki gaishe da uwarki Nozukmo. Ki ce mata yayanta ya ce ta ci abinci, ba ice ne ke ciyar da mutum ba. Na san ba za ta ji ba, da kunnen ƙashi aka haife ta.

Kawunki,
Burhon

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, ka yafe mini.

Na yi yadda ka ce. Na kankara, na sauko, na kankara, duk a bushe, har na sauka daga tsanin gaba ɗaya. Koren bai fito ba sai daidai inda hannun Inna ke kaiwa in ta miƙa shi sama. A ƙarƙashin ƙullinta.

Ban faɗa maka zancen ƙullin ba don ban ɗauke shi komai ba. Wa ke ganin ƙyalle a jikin ice? Duk icen da ke bakin marmaro cike yake da su, kowace mata da buƙatarta. Ranar da motar soja ta zo, Inna ta yagi bakin ɗamarar Hotam, wannan shuɗiyar ta kanti mai santsi, ta ɗaure a kan zarang ɗin, lokacin kaurinsa bai wuce yatsa ba. Ta ja ta ƙulle tamau don kada iska ta ɗauke, ta ce a gaban kowa, "Wallahi hannun da ya sa ɗamarar nan shi kaɗai zai kwance ƙullin nan." Shekara huɗu ke nan ina wucewa ta gefensa safe da yamma.

Yadin nan ba ya ruɓewa, Kawu. Icen ya yi kauri, ƙyallen bai saki ba. Ya nutse cikin ɓawon, saman wurin ya kumbura ya rufe shi, bakinsa kaɗai ke lilo a waje. Duk tsawon da icen ya ƙara tun tafiyar Hotam, shi ne ya mutu. Kuma akwai wani baƙin layi da ya fara gangarowa ƙasa da ƙullin, ya kai rabin yatsa.

Ba sai ka faɗa mini ba, na gane. Shaƙe shi aka yi.

Ina tsaye a wurin Inna ta ce daga shimfiɗarta, "Me kika gani, likita?" Na ce ban gama dubawa ba. Ta ce, "To ki bi a hankali, kada ki taɓa mini ƙyalle."

Ta yaya zan dubi matar nan in ce mata hannunta ne? Don Allah in za ka rubuto, ka ce tsutsa ce. Tsutsa ba ta da 'ya, ba wanda zai ji ciwo in an ɗora mata.

Sabohat

Zuwa ga Sabohat.

Na karanta takardarki. A bakin marmaro tsofaffin itatuwa ake ɗaura wa ƙyalle, masu rassa ɗari, in ɗaya ya shaƙe ba su san an yi ba. Uwarki a wuyan jariri ta ɗaura.

Baƙin layin nan ruɓa ce, kuma ƙasa take nufa. In ta shiga zuciyar icen, sai dai a yi makamashi da shi. Don haka ki saurara. Za a yanke ƙasa da ƙullin, ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a cikin nama mai rai, dab da saman reshe mafi ƙarfi. Da ƙaramin zarto mai kaifi, a karkace kaɗan don ruwa ya zame. Kada a shafa masa kashin shanu ko taɓo, komai Shodmon zai ce, shi zai rufe ciwonsa da kansa. Sai a kafa doguwar sanda a gefensa, a ɗago reshen nan a hankali a jingina shi da ita, shi ne zai zama sabon kai. Ba a rana ɗaya ba, kada ki karya shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi. In akwai wani reshen da ke kusa da shi a ƙarfi, a rage masa tsawo, kada su yi kai biyu. Ɗaurin kuwa da tsohon auduga mai laushi, sako-sako, yadda yatsa zai shige. A riƙa dubawa ana sassautawa.

Zancen tsutsa kuma, a'a. Ban taɓa yi wa ice ƙarya ba, ba zan fara da ƙanwata ba. Ga nata saƙon, ki karanta mata yadda yake, kada ki sa gishiri, kada ki rage.

Nozukmo, ina gaishe ki. Ƙyallen da kika ɗaura shi ya shaƙe icen. Ba da mugunta kika yi ba, kowa ya sani, amma ice bai san niyya ba. In ba a yanke saman ba kafin ganye ya yi ja, gaba ɗayansa zai tafi. Yaron nan da hannunsa ya tono shi, da bokiti ya riƙa ɗauko masa ruwa daga rafi. Shi kaɗai ne abu mai rai da ya bari. Da ƙafata na tafiya da na zo na yi da kaina kin zage ni kin huce. Ki bari a yanke.

Burhon

Zuwa ga Yaya Burhon. Inna ce ke faɗa, ni Sabohat nake rubutawa, ta ce in na canza kalma ɗaya ba ta yafe ba.

Yaya, ina gaishe ka da jiki. An ce hannunka ya shanye, amma na ga bakinka yana nan.

'Yar taka ta karanta mini takardarka. Da ta zo wani wuri sai ta yi tari ta ce wai tsutsa ce. Tarin nan na san shi, shi take yi tun tana yarinya in ta saci kaymak, man saman madara, a bakin tukunya. Na ce ta koma baya ta karanta da kyau, ta fashe da kuka. Ku biyu kun ɗauka makauniya ce ni? Tun kafin ta hau tsani na sani. Tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba na ga ƙyallen ya shige cikin naman icen. Na sa farce in sassauta, ba kwancewa ba, sassautawa kawai, har farcen ya karye. Me kuke tsammani ya zaunar da ni a gindinsa? Ba jiran toho nake ba. Zama nake kusa da abin da na yi.

Kai mai lambu ne, abin da sauƙi a wurinka, a yanke, a ɗago wani. To ni na yi rantsuwa da Allah a gaban ɗana, yana tsaye da jakarsa yana dariya yana cewa, "Inna, ja a hankali, ai ba gudu zai yi ba." Maganarsa ta ƙarshe ke nan a gidan nan, ban kuwa ji ba, na ƙara ja. In na sa wuƙa a ƙullin nan, na ce da bakina ba zai dawo ba. In na bari, na kashe masa icensa ina kallo. Faɗa mini wanne zan ɗauka, tunda ka san komai.

Kuma reshen da kake so a naɗa, na gefe ne. Ko ya kai sama, na gefe ne. Kada wani ya zo ya ce mini ai ga shi ya koma kamar da.

Ta ce in tsaya nan. Ta ce in ce tana cin abinci. Kawu, wannan ni ce, ba ta ci.

Nozukmo

Ƙanwata,

Ban san komai ba. Da na sani da na hana ki tun ranar, ina tsaye a wurin, ina ta surutun ice marar 'ya'ya.

Amma ki sa yarinyar ta maimaita miki abin da na rubuta, wannan karon ba tari. Ban ce a sa wuƙa a ƙulli ba. Cewa na yi a yanke ƙasa da shi. Zarto ba zai taɓa ko zare ɗaya ba. Saman zai sauko da ƙullinsa a ɗaure yadda kika ɗaure shi, ba wanda ya kwance, ba kuma wanda zai kwance. Ke kika ce hannu ɗaya ne zai kwance shi. To ki ajiye masa kayansa, a nan ne ko a can, wannan ba ni da ke ba ne. Rantsuwarki tana kan ƙulli, ba ta kan wuyan ice.

Zancen reshe kuwa gaskiyarki. Na gefe ne, kuma wurin zai yi ɗan gwiwa har abada, mai ido zai gane an taɓa yanka. Ba zan ce miki zai koma kamar da ba. Inuwa dai zai yi.

Nan birni na ga ganye ɗaya-ɗaya ya fara sauya launi, ku kuwa kan dutse kun fi mu saurin sanyi. Kada ki daɗe kina tunani.

Yayanki,
Burhon

Zuwa ga Kawu Burhon.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka da sauƙi. An yanke, Kawu.

Na karanta mata takardarka. Kwana biyu ba ta ɗaga zancen ba, ni ma na kama bakina. Ran Alhamis da hantsi ina shanya tuffa a kan rufi sai na ji tana ƙwala wa Shodmon kira ta kan katanga.

"Kai mai aski! Kawo ƙaramin zartonka."

Ya leƙo da kai kaɗai ya ce, "Iya, zarton kike so ko ni? In ni ne, ki fara ajiye ƙarfen tanderu."

Ta ce, "Zarton. Kai ka tsaya daga nan, idonka ma kaifi gare shi."

Na sauko na nuna mata wurin, ƙasa da baƙin layin, dab da reshen da ke fuskantar rafi. Na miƙa hannu in karɓi zarton ta hana. Ta ce wanda ya ɗaura shi zai sauke. Ta yi bisimilla ta fara. Ka san taurin zarang, ga hannunta ba ƙarfi, tana yi tana hutawa, ni ina riƙe da saman kada ya ɓalle ya yage ɓawo. Da ya rabu na duba bakin yankan, fari tas, ruɓar ba ta kai ba. Na ce, "Inna, mun riga ta."

Ba ta ji ni ba. Ta karɓi busasshen saman nan daga hannuna, ya fi ta tsawo, ba nauyi ko kaɗan. Ta zauna a ƙasa ta ɗora shi a cinya, ta kama bakin ƙyallen tana murzawa. Sai ta ce, "Ya ce in ja a hankali." Daga nan kukan ya zo. Kawu, ban taɓa jin irinsa ba, kukan shekara huɗu ne a haɗe. Shodmon ya cire hularsa a bayan katanga yana share ido da ita. Mata suka fara shigowa ba wanda ya kira su, suka zauna kewaye da ita, aka yi abin da ya kamata a yi tun cikin hunturu.

Da yamma ta kakkarya ƙananan rassan, ta bar guntun da ke da ƙullin, ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a ƙasan akwatinta, inda ta ajiye nata likkafanin. Ta ce in ranarta ta zo a sa mata shi a gefe, za ta kai masa ya kwance da kansa.

An sa ranar sadaka, Juma'a ta sama. Shodmon zai dafa osh, shinkafa da nama, an aika wa Ismat. Jiya ta sha shayi da madara, ta ci rabin gurasa. Na san ba za ka iya hanyar dutse ba, amma ka yi masa addu'a daga nan. Yanzu an yarda a ce Allah ya ji ƙansa.

Na kafa sandar. Saura ɗauri.

'Yarka,
Sabohat

Yaya,

Ina gaishe ka. An yi sadaka, mutane sun zo, Allah ya karɓa.

Yarinyar ta yago tsohuwar rigata ta miƙo mini wai in ɗaure reshen. Na ce ta ɗaura da kanta, hannuna ɗauri ɗaya ya iya. Ta ɗaura. Kullum da safe ina zuwa in sa yatsa, yana shigewa.

Ganyen ya yi ja, ya fara zuba. Reshen ya ɗan miƙe. Ba shi ba ne, Yaya, na sani ba shi ba ne. Amma ina ba shi ruwa.

Ka gaishe da ƙafarka.

Ƙanwarka,
Nozukmo